Gumsu Matar Fatoma

A unguwar Lamisula ta Maiduguri akwai wani gida mai faffaɗan zaure, wanda a da ko makaho ya biyo layin ya san ya iso shi, saboda warin shanu da ƙamshin shayi da ke tashi daga ciki. Gidan Babakura fatoma ke nan. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Baƙo ya koro dabbobinsa daga nesa ya sauka a wurinsa, ya ci ya sha ya kwanta ba a tambaye shi ko anini ba. Shi kuma fatoma ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a ciniki, ya karɓi la'adarsa. Babakura gadon sana'ar ya yi. Mahaifinsa ne ya buɗe gidan tun zamanin Turawa, lokacin da Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyar makiyaya, suka ce nan Najeriya can Chadi, shanu kuwa suka ci gaba da tsallakawa abinsu.

A kasuwar shanu sunan Babakura ake kira, amma duk wanda ya taɓa kwana a gidan ya san wadda ke riƙe da shi. Matarsa ce, Gumsu. Mahaifinta Kanuri ne mai ɗinkin hula a Yerwa, wato cikin garin Maiduguri, mahaifiyarta kuwa Bashuwa ce daga wajen Dikwa. Don haka ta tashi da Kanuri a baki, da Larabcin Shuwa, Hausa kuma ta tsince ta a kasuwa. Doguwar mace ce marar yawan magana, mai taurin hannu. Tun tana amarya aka nuna mata manyan tukwanen gidan, uwar mijinta ta ce mata, "A nan ba a tambayar mutum nawa ne a zaure. Ki dafa kawai, ki ƙara."

Haka ta yi ta yi shekara da shekaru. Mafi yawan baƙin ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, muryarsu take ji ta bayan katanga. Amma ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda haƙoransa suka zube sai an sassauta masa burabusko, ta san wanda in ya yi asara a kasuwa ba ya taɓa nama. Daga yadda tire ya dawo take gane yadda cinikin ranar ya kaya.

A cikin baƙin akwai biyu da suka zama kamar 'yan gida. Ɗaya Jidda, Bashuwa, mai ƙiba da son raha, wanda rugarsu ke gabas da tafkin Chadi. Ɗayan Barkai, Batube daga arewa, siririn mutum mai kaifin ido, wanda in ya yi magana sau biyu a wuni an ce ya yi surutu. Tare suke haɗa garkensu su biyo hanyar Ngala da Dikwa, saboda ɓarayin daji ba sa son taron mutane. Tire ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kishingiɗa. Jidda ya ce Tubawa duk ɓarayin raƙuma ne, Barkai ya ɗaga kai daga butar shayi ya ce ai a wurin Shuwa suka koya, zauren ya kaure da dariya. Jidda kan kawo wa Gumsu man shanu a ƙwarya. Da ya ji mahaifiyarta Bashuwa ce, daga ranar bai sake kiranta komai ba sai "'yar uwata". Barkai kuwa dabino yake kawowa da kanwa, ya ajiye a bakin ƙofar tsakar gida, ya ce, "Ya Gumsu, ga tsaraba," ya juya tun ba ta gama godiya ba.

A ƙarshen shekarun 1970 yaƙi ya ɓarke a Chadi. Maiduguri ta cika da mutanen da suka gudo da katifa a ka. Yaƙin ya yi ta juyawa, yau waɗannan da waɗancan abokai ne, gobe sun juya wa juna bindiga, har aka kai lokacin da mayaƙan Tubawa da na Larabawa suka sa juna gaba. Jidda da Barkai ba su taɓa riƙe bindiga ba, amma kowannensu yana da ƙane ko ɗan ƙane a daji. Suka daina haɗa garke, kowa ya ce hanya ce ta fi masa sauƙi haka. A zauren Babakura dai har yanzu tire ɗaya suke ci, sai dai maganar ɓarayin raƙuma ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita.

Shekarar 1983 ta zo da nata. Damina ta ƙi, ciwon bushiya ya shiga shanu yana kayar da su garke-garke, aka kuma yi artabu tsakanin sojojin ƙasashen biyu a kan tsibiran tafki. A tsakiyar wannan ne wata rana da azahar aka kawo Babakura daga kasuwar shanu a bayan a-kori-kura. Yana cikin ciniki ya yanke jiki ya faɗi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma wadda Gumsu kaɗai ke ganewa. 'Ya'yansa maza ba su yi rai ba, 'ya ɗaya ce ta rage musu, Kaltum. 'Yan uwa suka ba da shawara a rufe zauren. Gumsu ta shiga ta faɗa wa mijinta, ya yi ta girgiza kai har hawaye ya zubo masa. Ta fito ta ce zaure yana nan a buɗe. Dillalan da suka tashi a hannun Babakura suka riƙa kai baƙi kasuwa, ita kuma tana nan kan tukwanenta.

Da bazarar shekarar da ta biyo baya, Jidda da Barkai suka iso kusan lokaci guda, kowa da samarinsa 'yan kora, kowa da ragowar shanun da ciwo ya bari, ramammu, ƙashin haƙarƙari a waje. Suka sayar a wulaƙance. Suna shirin juyawa gida ne rediyo ta sanar an rufe duk iyakokin ƙasa, an kuma canja launin kuɗi. Aka ce kowa ya kai tsofaffin takardunsa banki cikin 'yan kwanaki. Baƙon da ba shi da takardar zama, wanda in ya tsaya a layi za a fara tambayarsa daga ina yake, ina zai kai? Ɗan abin da dillalai suka iya canja musu suka canja, sauran ya mutu a cikin jaka.

Kowa ya ɗauka abin na mako biyu ne. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Sojoji suka cika hanyar Ngala, suka cika bakin tafki. Shanu suka daina shigowa, la'ada ta tsaya cak, amma bakunan da ke zaure ba su ragu ba. A Kasuwar Litinin gero ya yi tashin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Shinkafa da sukari da madara da sabulu suka ɓace daga shaguna, sai a wurin rabon gwamnati, inda mutum zai bi layi tun hantsi, soja na zagayawa da bulala, in an yi sa'a a samo ɗan abin da ba zai kai kwana uku ba. Gumsu, wadda a da ba ta fita sai biki ko gaisuwar mutuwa, ta yafa lafaya ta shiga layi da sauran mata. Sau da yawa kafin a zo kanta an ce kaya sun ƙare.

A wannan lokacin ne Kaltum ta dawo gida da 'yarta Aisa, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Mijin Kaltum direban babbar mota ne a hanyar iyaka. Da hanya ta mutu ya tafi kudu neman aiki, ya ce ta zauna wurin iyayenta kafin ya samu abin yi.

Gumsu ta fara sayar da kayan ɗakinta. Tasoshin da ta jera tun aurenta suka tafi, sannan lafayoyin fita, sannan awarwaron azurfa da mahaifiyarta ta bar mata. Burabusko da nama ya koma tuwo da miyar kuka, tuwon ya koma sau ɗaya a rana. Baƙin sun gani. Samarin suka fara fita dako a kasuwa, abin da suka samo su kawo mata.

Ana cikin haka wani Bashuwa ya sulalo ta daji ya shigo gari, ya zo neman Jidda. Ya iske su sun zagaye tire da la'asar. Bai jira an gama ba, ya durƙusa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mayaƙa sun faɗa wa rugar su Jidda, sun kore abin da ya rage na dabbobi. Babban ɗansa, Hamdan, ya fito ya tare su, suka harbe shi a gaban mahaifiyarsa. Da aka tambaye shi su wane ne, ya ɗaga ido ya dubi Barkai, ya ce da Tubanci suke magana.

Gumsu tana tsakar gida ta ji zauren ya yi tsit, sannan ta ji salatin Jidda. Daga baya ta ji muryar Barkai, a hankali, yana cewa, "Jidda, Hamdan a hannuna ya koyi ɗaure raƙumi. Waɗannan ba zuriyarmu ba ne, ban san su ba. Allah ya jiƙansa."

 Jidda ya cire hannunsa daga tiren, ya tashi, samarinsa suka tashi tare da shi. Washegari ya aiko a faɗa wa Gumsu a riƙa raba musu abinci. Shuwa suka koma ɗakunan gabas, Tubawa suka zauna a na yamma, zauren da ke tsakani ya zama hanya kawai. Har salla kowa da limaminsa.

Damina ta sake ƙin zuwa yadda ya kamata. Aisa ta yi ƙyanda, ta tashi daga ƙyandar amma jikinta bai dawo ba. Gashinta ya yi ja ya fara zubewa, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka sai wani ɗan nishi. Gumsu da Kaltum suka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ce ba magani take nema ba, abinci ne, a ba ta madara da ƙwai da kunu mai kauri. Kaltum ta goyo ta suka dawo gida a ƙasa.

Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, Jidda ya yi sallama a ƙofar tsakar gida. Ya rame ƙwarai, rigarsa tana yawo a jikinsa. A bayansa samari biyu suna ɗauke da buhun masara, cikakke, ga kuma ƙwaryar madara. Gumsu ta tsaya tana kallon buhun kamar ba ta san mene ne ba.

Da Larabci ya yi mata magana. Ya ce, "'Yar uwata, akwai wani attajiri ɗan danginmu a garin nan, yana da hatsi a ajiye. Ya ji halin da muke ciki. Ya ce duk lokacin da wannan ya ƙare a je a ɗauko wani. Yana da shanun tatsa a bayan gari, madara ma za a riƙa kawowa saboda yarinyar nan."

Gumsu ta ce, "Allah ya saka masa, ya saka maka."

"Ki dafa mana, ki dafa wa Babakura, ki ci ke da 'yarki da jikarki. Ke tamu ce, jininmu ne a jikinki." Ya dubi ƙasa. "Amma ko ƙwaya ɗaya kada ta je ɗakunan yamma."

Ta ce, "Jidda, gidan fatoma ne nan."

"Na sani."

"Shekara nawa kuna cin tire ɗaya da mutumin nan? Shi ya kashe Hamdan?"

"Ba shi ba ne." Ya kau da kai. "Na san ba shi ba ne. Amma in na ji suna magana da harshen nan ta bayan bango, 'yar uwata, harshen da ɗana ya ji na ƙarshe ke nan. Ba zan iya ba. Kuma mai hatsin ma sharaɗinsa ke nan, shi ma an kashe masa mutane. In ya ji labari ya canja, ba za a sake ba mu ba. Ki yi mini alkawari."

Daga cikin ɗaki nishin Aisa yana fitowa. Kaltum ta leƙo, ta ga buhun, ta dubi mahaifiyarta. Gumsu ta daɗe a tsaye. Sannan ta matsa gefe ta ba samarin hanya, ta ce, "Na yi."

Daga ranar tukunya biyu take ɗorawa. Ɗaya tuwon masara, fari, mai kauri. Ɗayar kuma abin da ta iya harhaɗowa da kuɗin dakon samarin Barkai da ɗan abin da ya rage mata na sayarwa: tsakin gero, dusa, ganyen tafasa, wani lokaci kunu tsararo da ba ya riƙe ciki. Ta sha tsayawa da mara a hannu tsakanin tukwanen biyu. Ba mai ganinta, malmala ɗaya ba za ta sa a gane ba. Amma ta yi alkawari, kuma samarin Jidda su ke ɗaukar kwanuka su mayar, in magana ta fita madarar Aisa ce za ta tsaya. Sai ta mayar da marar. Nata rabon na masara ta daina ci, ta koma cin na tukunya ta biyu, ko da yake ta san wannan bai ƙara wa Tubawa ko loma ba.

Babakura bai san komai ba. Ta ce masa wani bawan Allah ne ya taimaka, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi godiya ga Allah, ya ci tuwonsa.

Aisa ta fara farfaɗowa. Kumburin ya saɓe, ta fara kuka da ƙarfi, wata rana har ta kama zanen kakarta ta miƙe. A ɗakunan yamma kuwa samari suka fara kasa ɗaukar buhu a kasuwa. Barkai, da yake dattijo ne kuma ba ya iya dako, ya ce shi ba ya jin yunwa, yana tura rabonsa gaban yaran. Wuni yake yi zaune a inuwa da butar shayi da babu sukari a ciki, wani lokacin babu ganyen ma, ruwan zafi kawai.

Bayan kaka, wadda ba a girbe komai a cikinta ba, Barkai ya zo ƙofar tsakar gida ya yi sallama. Gumsu ta fito ta gan shi. Idanunsa sun faɗa ciki, ya naɗa rawaninsa irin na tafiya.

Ya ce, "Ya Gumsu, za mu tafi gida."

"Ta ina? Hanya a rufe take."

"An ce tafki ya janye ta arewa, ƙasa ta bushe, ana takawa da ƙafa. Za mu bi ta can, mu kauce wa sojoji."

"A wannan halin da kuke ciki? Barkai, ku ƙara haƙuri, ana ta cewa za a buɗe."

"Tun bazara ake cewa." Ya gyara tsayuwa, ya dafa bango. "Yaran nan iyayensu ni suka ba amana. In za su mutu, gara su mutu suna fuskantar gida. A cika mana salkunanmu da ruwa, shi ke nan abin da na zo roƙo. Sai kuma in yi sallama da mai gida."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta. "Ƙamshin masara yana tsallake katanga, Ya Gumsu. Tun ranar farko muka sani. Ban zo ƙorafi ba. Na ji yarinyar tana gudu a tsakar gida, na gode wa Allah."

Ta kai shi ɗakin Babakura. Barkai ya durƙusa ya riƙe hannun abokinsa, ya ce masa zai tafi. Babakura ya ƙura masa ido. Rabonsa da ganinsa an daɗe, don Barkai ya daina shigowa gaisuwa tun da ƙarfinsa ya ragu. Ya dubi wuyan hannun da ke cikin nasa, fata da ƙashi, ya dubi kwanon tuwon masara da ke gefen gadonsa, wanda ya ci rabi ya bari. Sannan ya juyo da ido kan matarsa. Ya yi ƙoƙarin magana, kalma ɗaya ta fito a murɗe, ita kaɗai ta gane. Tambayarta yake yi, "Baƙona?"

Ta ɗauki kwanon ta fita da shi.

Da Tubawa suka fito da 'yan ƙunshinsu, Gumsu ta shiga madafa ta ɗebi garin masara ta cika ƙwarya, ta fito da ita har zaure, inda ba ta taɓa tsayawa a gaban baƙi ba. Samarin Jidda suna kallo, ba ta damu ba. Ta miƙa wa Barkai ta ce, "Guzuri ne. Don Allah ka karɓa."

Ya dubi garin. Yaran da ke bayansa su ma suka dube shi. Ya ce, "Kin yi wa mutum alkawari a kansa. Ba namu ba ne." Ya rataya salkarsa. Ya tsaya daidai ƙofar ɗakin Jidda, wadda ke rufe, ya ɗaga murya ya ce, "Jidda, mun tafi. Mu yafi juna." Ya ɗan jira. Ba a buɗe ba. Suka fita.

Daga ranar Babakura bai sake cin tuwon masara ba. In ta kawo ya juya fuska bango. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta kawo masa Aisa ta zaunar a gabansa don ya ga abin da hatsin ya yi. Ya shafa kan yarinyar, amma bai buɗe baki ba. Kunun gero yake kurɓa kaɗan in an samu. Bai yi mata faɗa ba, ba shi da bakin yi, sai dai ya daina bin ta da ido in ta shigo ɗaki, abin da ya saba yi tun da ya kwanta. Kafin azumi ya rasu.

Labarin Barkai ya zo ne ta bakin masu kawo bandar kifi daga Baga. Sun ce wasu Tubawa sun bi ta busasshen tafki, suka hango 'yan sintiri a wajen rijiyar da suka yi niyyar sha, suka kauce suka shiga inda babu ruwa. Samarin sun kai, ban da ɗaya. Dattijon da ke jagorantarsu kuwa ƙafafunsa suka kasa, suka ɗauke shi suka yi ta tafiya har ya cika a hannunsu. Suka tona ƙasa da wuƙaƙe suka rufe shi a wurin da ba shi da suna.

Gumsu ce ta aika aka faɗa wa Jidda. Wuni guda bai fito ba, kwanonsa ya dawo yadda aka kai shi. Bayan kwana biyu ya yi sallama a ƙofar tsakar gida, ya ce zai koma gidan attajirin nan da yaransa, ba zai iya kwana a gidan nan ba kuma. Ta ce Allah ya kiyaye. Ya tsaya kamar akwai sauran magana, ya ce, "'Yar uwata," sai ya kasa ƙarasawa, ya tafi. An ci gaba da aiko wa gidan Gumsu ɗan hatsi na wani lokaci, daga baya abin ya yi ta ja baya har ya tsaya.

A 1986 aka buɗe iyaka. Shanu suka dawo hanyar Dikwa, kasuwa ta sake cika. Dillalan Babakura suka share zauren, suka shimfiɗa sababbin tabarmi, suna cewa gida zai tashi. Ba wanda ya sauka. Samarin da suka tsira sun ba da labari a ƙasarsu, Tubawa suka san gidan da aka bar baƙo da yunwa ana tuƙa tuwo a bayan katanga. Shuwa kuwa yanzu wurin fatoma ɗan uwansu suke sauka, kowace ƙabila ta nemi nata. Ba wanda ya zo ya zage ta, ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi. Wucewa kawai suke yi.

Mijin Kaltum ya dawo ya ɗauki iyalinsa. Gumsu ta ba da ɗakunan baƙi haya ga ɗalibai da ƙananan ma'aikata. A ɗakin Barkai wani malamin firamare ya zauna, Thomas, mutumin Biu, da matarsa Rose, wadda takan shigo ta taya ta tsintar shinkafa, ta yi ta ba ta labarin garinsu. Manyan tukwanen ta riƙa ba da aronsu ga masu biki, daga baya ta sayar. Ta koma haɗa turaren wuta tana sayar wa matan unguwa. Ta ƙara zama marar magana. Aisa ta girma ta shiga makaranta, yarinya mai ƙarfi da yawan dariya, takan zo hutu wurin kakarta. Gumsu tana son ta ƙwarai, amma wani lokaci in yarinyar tana cin abinci sai ta tashi ta bar wurin, ba wanda ya san dalili in ba Kaltum ba.

A damina ta 1994 ruwa ya ci Maiduguri. Ya shigo Lamisula da safe, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Thomas ne ya goyo Gumsu ya fitar da ita zuwa kan tudu, inda mutanen unguwa suka taru da abin da suka iya ɗauka. Ginin ƙasa ne, tsoho, kuma an daɗe ba a yaɓe shi ba. Da ruwa ya janye, zauren da ɗakunan baƙi duk sun zauna, sai tarin laka da azara. Babu mai kuɗin tayar da su. Kaltum ta tafi da mahaifiyarta gidanta, aka ba ta ɗan ɗaki kusa da madafa. Sanyin ruwan ya shiga ƙirjinta, ta yi ta tari har ƙarshen shekara. Wata ranar Laraba bayan azahar Aisa ta kai mata kunu ta iske ta ta cika. Aka yi mata sutura kafin la'asar. Filin gidan na Lamisula magada suka sayar, wanda ya saya ya gina shaguna.